Iya Ba Za Ta Wuce Madani Ba

Zaharaddini ne ya biya kuɗin jirgin, shi ya sa ya ɗauka tafiyar tasa ce. Ƙanena ne, autanmu, yana gyaran injinan sanyaya ɗaki a Faransa, kuma tun da ya fara sa rigar sanyi mai hula ya daina shawara da kowa, sai dai ya sanar. Wata safiya ya turo min hoton tikiti a waya, ya biyo shi da saƙon murya: "Yaya Hamdiyya, ki gaya wa Iya ta shirya, Umra ta samu. Njamena zuwa Jidda. Za su ɗan sauka a Khartum su canja jirgi, shi ke nan. Na biya komai, kada kowa ya taɓa komai."

Irin wannan albishir ba a yin sa ta waya. Na bar wa maƙwabciyata shagona na turaren wuta a Grand Marché, na hau motar haya zuwa unguwar Lamadji da rana tsaka. Na sami Iya a gindin darbejiya tana yanka kuɓewa za ta shanya. Da na gaya mata sai ta ɗaga hannuwa sama, wuƙar ma ba ta ajiye ba, ta yi ta sa wa autanta albarka. Ni ma na yi hawaye. A duk zuriyarmu ta garin nan ba wanda ya taɓa taka ƙasar Makka, alhali dominta muka baro gida.

Mu jikokin mahajjatan ƙasa ne. Mahaifin Iya, Malam Idi, ya taso daga Gumel da iyalinsa, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa, ya yada zango a garin nan lokacin ana ce masa Fort-Lamy. Bai wuce ba. Ya yi dukanci, ya aurar da 'ya'ya, ya rasu aka binne shi a nan, amma ko sau ɗaya bai taɓa yarda cewa ya zauna ba. In an tambaye shi yaushe tashi, sai ya ce bayan damina. Damina ta wuce, ya ce bari hanya ta bushe. A gidanmu ba a yanka ranar tafiya, tsofaffinmu suna ganin rashin ladabi ne mutum ya kama ranar da ba tasa ba ya sa mata suna. Iya ta gaji wannan ɗabi'a kaf. Ko unguwar Walia za ta je gaisuwa, ba za ka taɓa jin Litinin ko Talata a bakinta ba, sai dai "nan gaba kaɗan, in an ga dama".

Da ta gama addu'o'inta sai ta ce, "Ke, ta ina aka ce za a bi?" Ni ce ta fari, ba ta kama sunana.

"Ta Khartum, Iya."

"To, madalla. Sai in sauka in je wurin Yaya."

Yayar tata ita ce Inna Haoua, tana Wad Madani a Sudan. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani, in sun gaisa da Iya a waya ranar salla. Iya ta riga ta gama tsara komai kafin in zauna: za ta sauka a Khartum, ta shiga mota zuwa Madani, ta yi 'yan kwanaki, ta dawo filin jirgi ta hau duk wanda ta tarar yana lodin Jidda. Ai kuɗin an biya. Ni ma da nake ganin na ɗan yi boko ban ga aibun tsarin ba, haka muke yi da motocin Abeshe, ka sauka a hanya ka gaya wa direba, in ka gama ka bi ta baya. Amma dai na ce bari in je ofishin jirgin in ji daga bakinsu.

Washegari na je. Wata matashiya ce a kan tebur, Ilham, mai farce ja da haƙurin da ya fi shekarunta. Da Larabci muka yi magana. Na nuna mata hoton, na zayyana mata shirin Iya. Ta ɗora hannu a ka.

"Kada ta yi haka, don Allah. In ba ta hau jirgi na biyu ba, na'ura za ta kashe sauran tikitin gaba ɗaya, har na dawowa. Jakarta ma an ɗaure ta har Jidda, ba wanda zai ba ta ita a Khartum."

"To a gyara mana. Ki rubuta cewa za ta sauka."

"Ana yi. Eskal ke nan, wato yada zango na kwanaki. Sai a soke wannan a fitar da sabo, a cika abin da ya ƙaru. Amma ba a wurinmu aka saye shi ba, a wata ajans ce ta intanet, masu dillancin tikiti. Hannuna ba ya shiga ciki sai wanda ya saya ya sa sun sakar mana shi."

"Ni yayarsa ce."

"Ko ke kika haife shi, mafi, babu hali," in ji ta, tana murmushi.

A bakin ƙofar ofishin na tsaya na kira Zaharaddini. Ina tsammanin zai ce to, ya yi ƙorafin cikon kuɗi, in ce ni zan biya, a wuce wurin. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba a zuciyarsa, ko kuɗin bai tambaya ba.

"A'a," ya ce.

"A'a me?"

"Da gangan na zaɓi jirgin da ba ya kwana ko'ina. Akwai mai arha da ke kwana, na ƙi shi. Yaya, ba ki san mu ba ne? Kakanmu ya sauka ya huta, ga mu nan har yau muna hutawa. Ki bar Iya ta fita daga filin jirgin nan, wallahi sai mun je Madani ɗaurin auren jikokinta. Za a ce bari zafi ya ragu, bari a yi suna, bari wance ta haihu. Ina so mutum ɗaya daga cikinmu ya isa. Ɗaya tak. In ta dawo, ni da kaina zan kai ta Madani."

Na so in zage shi, amma maganarsa ba ƙarya a ciki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na kashe wayar ba sallama.

Da na koma Lamadji na gaya wa Iya yadda aka yi, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta shiga ɗaki, ta buɗe jakar da ta riga ta fara shiryawa, ta ciro farin hijabin da na ɗinka mata tun bara, ta ninke shi ta mayar cikin adaka.

"Ki ce masa na gode, Allah ya yi masa albarka. Ya ba wani kujerar."

"Iya, ba a ba wani. Sunanki ne a kai."

"To ta tafi ba kowa."

Nan raina ya ɓaci. Na ce mata duk rayuwarta tana kuka a kan Makka, yau an kawo mata Makka har gindin darbejiya ta ce a'a saboda ziyara. Na ce Inna Haoua ba guduwa za ta yi ba, a je a dawo mana sannan a gan ta. Na faɗi wasu maganganun ma da bai kamata 'ya ta faɗa wa uwa ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in zauna.

"Ba ziyara ba ce," ta ce. "Da muka iso garin nan ƙyanda ta kama ni, ina ƙarama. Ayari ba ya jiran yaro mara lafiya. Malam ya ce shi da innarmu za su tsaya da ni, kakarmu ta wuce da Yaya tare da sauran mutane. Ina kwance ina jinsa a bakin mota yana ce mata, 'Haoua, in kun kai Madani ku jira mu, kada ku haye ruwa sai mun iso.' Ba a yi ban kwana ba ma, tunda a baya muke tafe. Na warke, guzuri ya ƙare, aka ce bari a tara wani. Sauran kin sani."

"To, Iya, ai wannan tun yaushe."

"Ba ta haye ba."

Na dube ta.

"'Ya'yanta maza duk sun je sun dawo, jirgin ruwa suke hawa, kusa ne a wurinsu. Sun yi da ita har sun gaji. Ta ce an ce ta jira. Ni kuma yanzu in sauka a ƙasar da take, in sha ruwan garin, in tashi sama ta kanta in wuce? Saboda ni aka rabu, 'yar nan. In je gaban Ka'aba in ce me?"

Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani haushi da ban san wa zan ɗora wa ba. Tsawon rayuwata ina jin matan nan biyu suna tambayar juna zafi da ciwon ƙafa a waya, ban taɓa sanin abin da ke ƙarƙashin gaisuwar ba. Na tashi na buɗe adakar, na ciro hijabin na mayar da shi cikin jaka. Na ce mata za ta sauka a Madani, kuma za ta je Makka, ko da zan bi Zaharaddini har Faransa da ƙafa.

Na fara da neman tabbaci, don na san ƙanena, zai ce tatsuniyar tsofaffi ce. Na kira Mustafa, jikan Inna Haoua, wanda wayarsa ake gaisawa da ita. Hausarsa ta sha Larabci har ta ƙoshi, amma mun fahimci juna. Ya ce gaskiya ne, a unguwarsu har tsokanarta ake yi. Ya ce fasfonta ma yana nan, kawunansa suna sabunta shi duk lokacin da ya mutu, ko za ta sauko. Na ce in Iya ta zo fa? Ya ce in Iya ta zo, shi da kansa zai saya wa kakarsa kujera a jirgi ɗaya da ita, takardun Umra kuma ya ɗauke mana.

Daga nan na koma kan Zaharaddini. Ya daina ɗaukar wayata. Na tura saƙon murya, ya ƙi buɗewa. Na kira matarsa, ta ce yana wanka. Duk lokacin da na kira yana wanka, kamar kifi. Na je ofishin jakadancin Sudan na bi layi na ji abin da ake bukata don Iya ta shiga ƙasar, na kai hotuna, na koma wurin Ilham ta duba min ko akwai kujeru a makon da ke biye. Har masu gadin ofishin sun san ni, da na doso sai su ce, "Lale, mai eskal." Shagona kuwa maƙwabciyata ta fara kiransa nata.

A ƙarshe na ari wayar wani Banijare mai sayar da kwanuka a layinmu, lambar da ƙanena bai sani ba. Ya ɗauka da Faransancinsa mai sanyi.

"In ka kashe, Allah ya isa tsakanina da kai," na ce. "Saurara."

Na ba shi labarin tun daga ƙyanda har fasfon da ake ta sabuntawa. Ina jin ƙarar inji a bayansa, sai na ji ya fita waje.

"Me ya sa ba ta taɓa gaya mana ba?"

"Ka taɓa tambayarta? Kai ai sanarwa kake yi."

Ya ja numfashi. Na ɗauka na gama da shi, ashe da saura.

"Zan sa a saki tikitin," ya ce. "Amma da sharaɗi. Iya da bakinta za ta faɗi ranar da za ta tashi daga Madani. Ba ke ba, ba Mustafa ba. Ranar, da sunanta, ina ji da kunnena. In ta ce 'nan gaba kaɗan', halas, magana ta ƙare, tikiti ya zauna yadda yake."

Yaron nan ya san inda zai kama mu. Ban gaya wa Iya sharaɗin ba. Na san in na faɗa mata a gida za ta kwana tana juya shi, gari ya waye ta ce a bari. Da saƙo ya zo cewa an saki tikitin, na ce ta yafa mayafi ta raka ni, ana son ganinta da fasfonta. Muka ɗauki tasi, don ba zan ɗora tsohuwa a kilando, babur ɗin haya, ba.

Ilham ta tashi ta ba ta kujera, ta sa aka kawo mata ruwa, ta ce, "Sannu, Hajiya."

"Ban je ba tukuna," in ji Iya. "Ki bari sai na dawo."

Na kira Zaharaddini, na buɗe murya na ajiye wayar a kan tebur. Suka gaisa, yana ta sunkuyar da murya kamar ba shi ba. Ilham ta yi ta danne-dannenta, ta ce ranar tashi daga Njamena tana nan yadda take, sannan ta ɗago.

"Daga Khartum zuwa Jidda fa, yaushe?"

Na fassara, ko da yake Iya ta ji sarai.

"In Yaya ta shirya," ta ce.

"Na'ura ba ta karɓar wannan, Amma," in ji Ilham, tana kiranta gwaggo da Larabci. "Rana take so. Akwai jirgi ranar Litinin, akwai Alhamis."

"Ki sa duk wadda ta yi miki."

"A'a, Iya," in ji wayar da ke kan tebur. "Ke za ki faɗa."

Iya ta dubi wayar, ta dube ni, ta gane an haɗa baki. Irin kallon da ta yi min, da ina yarinya da na nemi wurin ɓuya. Ta gyara mayafi ta ce ita ba a haife ta a gidan da ake yanka wa Allah rana ba. Zaharaddini ya ce ba wanda ya yanka wa Allah, a ce in Allah ya so sannan a faɗi ranar, duk duniya haka ake yi. Ta ce duk duniya ba ubanta ba ne. Mutanen da ke layi a bayanmu suka fara gyaran murya. Wani mai jaka ya ce da Larabci a taimaka a sallame su, na juya na ce masa mun fi shi daɗewa a layi, tun kafin a haife shi muke jira.

Iya ta dafa tebur za ta tashi. Na san in ta fita ƙofar nan ba za ta sake shigowa ba.

"Iya," na ce, "ke kika ce in ta shirya. To mu tambaye ta mana."

Ban jira amsarta ba. Na roƙi Ilham wayarta, na karanto mata lambar Mustafa. Allah ya sa yana gida. Muka ji yana tafiya, ƙofa ta yi ƙara, kaji suna kuka, sannan wata murya siririya mai rawa ta yi sallama. Na ajiye wayar kusa da ta Zaharaddini.

"Yaya, ni ce, Safiyatu."

"Safiyatu? Yau salla ce?"

"Ba salla ba ce. Muna tafe, Yaya. Zan biyo ta wurinki mu haye tare." Iya ta koma ta zauna. "Masu jirgi ne suke tambaya. Kwana nawa zai ishe ki ki shirya?"

Ilham ta leƙa ta ga ko layin ya yanke. Can sai muka ji tsohuwar ta yi wata 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba, ba kuma ta ɓacin rai ba.

"Wane shiri kuma? Ni a shirye kuka bar ni. Ku ne dai."

Ba wanda ya yi motsi a ofishin. Mai jakar nan da ba ya jin Hausa ma ya daina ƙorafi. Daga ɗayar wayar na ji ƙanena yana jan hanci a can Faransa, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Iya ta share fuska da gefen mayafi. Ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa teburin, ta dubi Ilham ido cikin ido.

"Wanne kika ce ya fi kusa?"

"Litinin, Amma."

Leɓenta ya motsa sau ɗaya ba sauti, kamar mai ɗanɗana abincin da ba ta taɓa ci ba. Sannan ta sunkuya kan wayoyin biyu, ta ɗaga murya yadda na Madani da na Faransa duk za su ji.

"Litinin," ta ce. "In Allah ya so, Litinin za mu tashi. Rubuta."